Watamu: Ranar da Na Leƙa Ƙarƙashin Teku

Ƙanena ne ya taso da maganar, a daren da na cika mako guda a wurinsa a Nairobi. Shekararsa ta biyu ke nan yana karatu a can, ni kuwa na je ne in dubo shi. Muna shan shayi ya ce, "Yaya, ai bai kamata ka zo Kenya ka koma ba ka ga teku ba. A Watamu, wani gari da ke bakin teku, akwai wani jirgin ruwa da aka yi wa taga a gindi. Kana zaune kana kallon abin da ke ƙarƙashin ruwa, ko tafin ƙafarka ba zai jiƙe ba." Ya san dalilin da ya sa ya ƙara wannan ta ƙarshen. Na tashi nesa da teku, ban iya iyo ba, kuma duk ruwan da ya wuce gwiwa ina ba shi girmansa. Na ce masa na yarda, amma da sharaɗi: jirgi zan shiga, ban da ruwa. Ya ce ya ji.

Muna idar da sallar asuba muka nufi tashar jirgin ƙasa ta Syokimau, can bayan gari. Tun daga bakin ƙofa na gane binciken wurin ba na jeka-na-yi-ka ba ne. Kowa ya ajiye jakarsa a ƙasa cikin dogon layi, aka ce mu ja da baya, jami'an tsaro suka zo da karnuka suna bi suna shinshinawa. Daga nan sai na'urar haska kaya, sannan a haɗa tikiti da fasfo a ga ko suna ya zo ɗaya. Jirgin, wanda suke kira Madaraka Express, ya fara aiki a 2017. Tsakanin Nairobi da Mombasa kimanin kilomita 470 ne, kuma na safen da muka hau yana tsayawa a ƙananan tashoshi, don haka ya ci mana kusan awa shida. Rabin farko gyangyaɗi na yi. Bayan mun wuce Mtito Andei layin ya shiga dajin Tsavo, sai na ji yara sun ruga taga suna ihu. Giwaye ne guda biyar a gindin wata bishiya, jajaye kamar an yi musu shafe, saboda da jar ƙasar wurin suke watsa wa jikinsu. Nairobi a kan tudu take, kusan mita 1,800 sama da teku, da rigar sanyi na baro ta. Da muka sauka a Miritini, tashar Mombasa, sai iska mai ɗumi da danshi ta rufe ni kamar an lulluɓa mini jiƙaƙƙen bargo.

Daga Mombasa zuwa Watamu kilomita 100 ne da ɗoriya, a ƙaramar bas ɗin haya da suke kira matatu. A gefen hagu suke tuƙi, kuma ni aka ba kujerar gaba, sai da na ɗauki lokaci kafin gabana ya daina faɗuwa duk sanda mota ta taho ta dama. Mun sha cunkoso a Mtwapa. Bayan nan hanya ta buɗe, gonakin sisal na Vipingo suka miƙe iya ganin ido, tsiron da ake tufka igiya da zarensa, an jera shi layi-layi, ga manyan bishiyoyin kuka tsaye a tsakiyarsu nan da can. A gadar Kilifi, mai tsawon mita 420, wadda aka buɗe a 1991, na fara ganin ruwan teku da idona. Ya shigo cikin ƙasa kamar kogi, shuɗi mai duhu, ƙananan jirage masu farin filafilai suna kwance a kansa. Shingen 'yan sanda biyu muka tarar, da ƙarfe mai ƙusoshi a shimfiɗe a titi. Takardun direba suka duba, suka leƙo suka ƙirga mu, muka wuce. A mararrabar Gede muka sauka, keke mai ƙafa uku ya ƙarasa da mu cikin gari gab da faɗuwar rana.

Masaukin da ƙanena ya kama mana gidan wata dattijuwa ne, ɗakuna huɗu kewaye da tsakar gida, da rufin ganyen kwakwa da suke kira makuti. Akwai gado da gidan sauro da fanka, ruwan famfon kuwa gishiri-gishiri, sabulu da ƙyar yake kumfa. Ina shiga da jaka na ƙuje gwiwar hannuna a katangar ƙofar gida. Na tsaya na dubi dutsen: fari-fari, mai kaushi, duk ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Ban taɓa ganin irinsa ba, amma gajiya ta hana ni tambaya.

Muka bi kiran salla zuwa masallacin unguwa. Na daidaita tsayuwata yadda jikina ya saba, na ba faɗuwar rana baya, sai na ga sahu ya kalli wani gefe dabam. A nan arewa ake fuskanta, domin Makka tana saitin Watamu ne ta arewa, kusan sak. Mutum zai iya ganin haka a taswira, amma sai da na tsaya cikin sahun, jan sararin yamma yana hannun haguna, sannan na ji a jikina lallai na yi nisa. A hanyar dawowa yara suka riƙa ce wa wasu Turawa "chao", gaisuwar mutanen Italiya, waɗanda suka daɗe da zama a Watamu da Malindi har allunan wasu shaguna da harshensu aka rubuta. Mun ci shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa, da gasasshen kifi da lemon tsami, na kwanta ina jin wani ruri daga nesa wanda bai tsaya ba har gari ya waye.

Kuɗin kujera a jirgin ba a rubuce yake ba, ciniki ake yi. A daren nan dillalai uku suka tare mu a titi, kowa da hotunan kifaye a waya, kuma wanda ya fara yi mana magana kusan ninki biyu ya sa na abin da muka biya daga baya. Dattijuwar masaukinmu ce ta fisshe mu. Ta ce mu bar 'yan kamasho, ta aika jikanta ya kira mana wani matuƙi da ta sani. Ya zo, tsoho baƙi siriri mai farin gemu, da zane ɗaure a ƙugu. Ƙanena ya gaishe shi da girmamawa, yana kiransa Mzee, wato dattijo, shi kuma ya riƙa ce mini ndugu, ɗan'uwa. Ya yi mana bayani dalla-dalla. Kuɗinsa na jirgi ne da abincin rana. Kuɗin shiga gandun teku dabam yake, na hukumar kula da namun daji ta Kenya ne, KWS, baƙon ƙasar waje ya fi ɗan ƙasa biya, kuma ba a karɓar tsabar kuɗi. Ta waya ƙanena ya biya da M-Pesa, tsarin da suke amfani da shi tun 2007, wanda har mai sayar da kwakwa a bakin titi yana karɓa. Na yi mamakin jin kalmar gandu a kan ruwa. Ashe tun 1968 aka killace wannan yanki, murabba'in kilomita 10, ba a kamun kifi a ciki, ko ƙwanson dodon koɗi ba a yarda ka ɗauka ba.

Da zai tafi ya ce mu haɗu "saa mbili asubuhi". Ƙanena ya fassara mini kalmomin, awa biyu na asuba, na ce wane irin jirgi ne zai tashi ƙarfe biyun dare? Ya ce a'a Yaya, su daga fitowar rana suke fara ƙirga, ƙarfe bakwai shi ne awa ɗaya, takwas awa biyu. Mzee ya ƙara da cewa lokacin ma ba shi ya zaɓa ba. Teku kan cika ya janye sau biyu a yini, wata ne ke jan sa, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Wurin da zai kai mu wanka tudun rairayi ne a tsakiyar ruwa, sai teku ya janye yake bayyana. In muka makara, ba za mu same shi ba.

Da safe muka karya da shayi da mahamri, wani soyayyen burodi mai ƙamshin kayan yaji. An gargaɗe mu kada mu zo da gorar ruwa ta roba wadda ake sha a yar, domin an hana shiga da irinta wuraren da aka killace tun 2020, dattijuwar ta ara mana ta ƙarfe. Babu matsayar jirgi a bakin gaɓa. Sai da na naɗe wando na taka ruwa har gwiwa kafin yaron jirgi ya miƙo hannu ya ja ni, alkawarin tafin ƙafa ya karye tun ba a je ko'ina ba.

Jirgin bai fi taku goma sha biyu ba, da inji a baya da rumfa a sama. Benci biyu ne dogaye suna kallon juna, a tsakaninsu kuma wani dogon akwati buɗaɗɗe mai tsayin gwiwa, kamar bakin rijiya mai kusurwa huɗu. A gindinsa gilashi ne mai kauri, falle uku, an liƙe gefensu. Mu goma sha huɗu ne: miji da mata 'yan Italiya, wani magidanci daga Nairobi da iyalinsa, da wasu mata biyar daga Mombasa cikin dogayen riguna da mayafai, babbarsu ta haura sittin. Na nemi rigar ceto tun kafin a tayar da inji, na ɗaure igiyoyinta tamau.

Da farko kumfa kawai ke gudu a ƙarƙashin gilashin. Da Mzee ya rage wuta sai kumfar ta washe, ƙasa ta bayyana. Farin yashi mai layi-layi kamar an share shi da tsintsiya, sai ciyawar ruwa tana kwanciya tana tashi duk a tare. Na ɗaga kai na dubi gefen jirgi, ba na ganin komai sai ƙyallin rana a kan ruwa. Na sunkuya, ga komai tas. Hikimar ke nan: motsin fuskar ruwa da hasken da ke faɗa mata su ne ke rufe wa mutum ido, gilashin ya danne motsin, rumfar ta tare hasken.

Sai murjani ya fara shigowa. Gaskiyar magana, kallon farko bai yi mini yadda na zata ba. Hotunan dillalai ja ne da ruwan hoda da ɗorawa, abin da nake gani kuwa ruwan ƙasa ne da kore-kore, ga gilashin duk zane-zanen tsufa. Murjanin da na sani shi ne jan dutsen nan na ado, wanda Suratur Rahman ta ambata tare da lu'ulu'u. Yaron jirgin, wani saurayi mai Turanci mai kyau, ya ce wancan wani jinsi ne dabam, an fi samun sa a tekun Bahar Rum. Ya ce kuma ruwa yana shanye launin ja tun a mitocin farko, shi ya sa duk abin da ya yi zurfi yake komawa kore da shuɗi, masu hoto fitila suke haskawa.

Da na daina neman hoton waya sai na fara ganin abin da ke gabana. Wani kamar ƙahon barewa, reshe a kan reshe. Wani faffaɗa kamar faifai. Wani dunƙule, girmansa ya kai ɗaki, fuskarsa duk lanƙwasa kamar ƙwaƙwalwa. Kifaye kuwa sun cika tsakaninsu: masu ratsin fari da baƙi, 'yan shuɗi ƙanana da ke juyawa gaba ɗaya kamar hannu guda ke jan su, da wani babba kore mai baki irin na aku, yana gatsar dutse yana wucewa, farar ƙura na fita ta bayansa. Yaron ya ce gansakukar da ke kan dutsen yake ci, ya niƙe dutsen a cikinsa ya fitar da shi yashi, kuma wani kaso na farin rairayin da muka taka da safe aikinsa ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce duk wannan da nake kira dutse, rai gare shi. Ƙananan halittu ne, da yawansu ba su kai ƙwayar gero ba, kowace tana gina wa kanta ɗan gida na farar ƙasa, ta mutu, wasu su gina a kan nata. Irin dunƙulallen nan ba ya ƙaruwa da abin da ya wuce kusan santimita 1 a shekara. Na sake duban mai girman ɗakin, na yi lissafi a zuci, na ga ya girmi kakan kakana. A cikin jikin halittun akwai wani tsiro da ido ba ya gani, shi ke samar musu yawancin abincinsu daga hasken rana, shi ne kuma launinsu. Idan ruwa ya ɗara zafin da suka saba da shi ko da digiri 1 ne, ya daɗe a haka makonni, sai su fitar da tsiron, su koma fari fat. In zafin bai sauka da wuri ba, yunwa ta kashe su.

Ba mu yi nisa ba muka shiga inda hakan ta faru. Ƙasa ta koma tarkace, karyayyun rassa a zube kamar ƙasusuwa, gansakuka ta rufe su, kifi sai ɗai-ɗai. Hira ta mutu a jirgin. Mzee, wanda tun tashinmu bai ce uffan ba, ya yi magana daga baya, ƙanena yana fassara mini. Ya ce a 1998 ruwa ya yi zafin da bai taɓa ji ba, cikin 'yan makonni lambun nan ya yi fari kamar an shanya likkafani, kuma mafi yawan masu rassan ba su tashi ba. Wasu wuraren sun farfaɗo a hankali, sai zafin ya sake dawowa, na baya-bayan nan a 2024. Ya ce abin da ya burge ni ɗazu, da na zo yana saurayi, da ko tsayawa ba zai yi a kansa ba. In kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa?

A nan ne jiri ya kama ni. Na fi rabin awa kaina a sunkuye, ido yana ganin ƙasa tana tafiya, jiki yana jin jirgi yana lilo, zuciyata ta fara tashi, gumi mai sanyi ya keto mini. Dattijuwar nan ta Mombasa ce ta fara lura. Ta ɓalle ɗan guntun citta daga jakarta ta miƙo mini, ta nuna mini wani tsibirin dutse da ke can gaba, wanda suke kira Whale Island saboda ƙirarsa ta babban kifi, ta yi mini alama in kafa masa ido kada in sauke. Na ce mata na gode Mama. Minti goma cikina ya lafa.

Ina cikin haka yaron jirgi ya ƙwala ihu, "Kasa! Kasa!" Gabana ya yanke ya faɗi, don a kunnena sunan maciji ya kira, na ɗage ƙafafuna daga dandamali. Ƙanena ya kamo hannuna ya ce, "Yaya, duba ƙasa." A harshensu kasa kunkurun teku ne. Ga shi nan ƙarƙashin gilashi, faɗinsa ya kai babban faranti, yana kiwo a cikin ciyawa kamar tunkiya. Ya ɗago, ya buɗe hannuwansa na gaba yana kaɗa su a hankali kamar fukafukai, ya wuce ta ƙarƙashinmu, can gefe muka ga kansa ya ɓullo ya shaƙi iska ya koma. Yaron ya ce a rairayin Watamu suke haƙa rami su zuba ƙwai, sama da 100 a lokaci guda, su ƙyanƙyashe bayan kusan wata biyu, kuma akwai ƙungiyar Local Ocean Conservation da ke gadin ramukan, tana kuma ba masunta ɗan ihsani in kunkuru ya faɗa komarsu suka kawo shi da rai.

A wurin da suke kira lambun murjani aka ɗaure jirgi a jikin wata ƙwallon roba da ke yawo a kan ruwa, don kada a jefa ƙarfen tsayawa ya farfasa abin da ke ƙasa. Aka raba tabarau na ruwa da bututun numfashi, mutane suka riƙa faɗawa. Ni da Mzee da wata jaririya da uwarta muka rage. Ina kallon gilashi sai ga ƙanena ya shigo ta ƙarƙashinsa, rigingine, kumatu cike da iska, kifaye masu ratsi kewaye da shi, ya ɗaga mini hannu. Tsakanina da shi bai fi kamu biyu ba. Na ɗora tafina a kan gilashin, na ji sanyinsa. Tagar da na yi ta yabo tun safe, a lokacin nan ta zame mini katanga.

Abu biyu suka ɓata mini rai a wurin. Wani jirgi da ya tsaya kusa da mu, yaransa suna ta marmasa burodi suna watsawa don kifi ya taru baƙi su yi hoto. Kifin da ya saba da burodi ya bar aikinsa na cin gansakuka ke nan. Na biyun ya fi ciwo: wani baƙo daga wancan jirgin ya gaji da iyo, ya samu kan wani dunƙulallen murjani ya miƙe tsaye a kai yana gyara tabarau. Mzee ya miƙe ya daka masa tsawa da muryar da ban zaci tana jikinsa ba. Mutumin ya sauka yana mamaki, da alama har ga Allah dutse ya ɗauka ya taka. Da awa biyu kafin nan ne, ni ma abin da zan ɗauka ke nan.

Wajen sha ɗaya da rabi muka isa wurin wankan, kusa da bakin mashigin Mida. Tun daga nesa na hango wani farin zare a kan ruwa, muna matsowa yana faɗi, har ya zama fili mai tsawon filin ƙwallo biyu, ba bishiya, ba ciyawa, ba sawun kowa. Ruwan da ke kewaye da shi garau, kore mai haske. Mzee ya tura hancin jirgi cikin yashi ya ce awa ɗaya da rabi gare mu, ya kuma ja kunnenmu kada mu taka inda ciyawa take ba takalmi, saboda wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya.

Na sauka don in taka yashi kawai. Matan Mombasa kuwa da rigunansu da mayafansu suka shiga, har da Mama, suna ta raha, rigunan suna kumbura kewaye da su. Na matsa har gwiwa. Ruwan ɗumi gare shi kamar an sirka. Na ƙara har ƙugu, ina ganin yatsun ƙafata ɗaya-ɗaya a ƙasa. Ƙanena bai tuna mini da sharaɗina ba, ya dai zo ya tsaya a gefena. Mama ta dube ni ta faɗi wani abu, ya fassara: ta ce ka daina kokawa da shi, ka kwanta, zai ɗauke ka.

Yaron jirgi ya sa hannu ɗaya a ƙeyata, ɗaya a bayana, ya ce in kalli sama in cika ƙirji da iska. Karon farko ina jin ƙafafuna sun bar ƙasa na firgita, na yunƙura, na kurɓi ruwa. Gishirin ya ƙona mini maƙogwaro da hanci, na yi ta tari har hawaye. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri, kuma wannan gishirin da ya shaƙe ni shi ne ke ƙara wa ruwan ƙarfin ɗaga mutum. Karo na biyu na ambaci sunan Allah na saki jiki. Kunnuwana suka nutse, hayaniyar mutane ta ɗauke, ba abin da ya rage sai sama da ƙarar numfashina. Ban san lokacin da yaron ya janye hannunsa ba, sai ganinsa na yi a gefe ya harɗe su a ƙirji yana murmushi.

Daga nan ni da kaina na nemi tabarau. A gefen tudun akwai wani ɗan curin murjani, bai fi girman turmi ba, ruwan wurin iya ƙirjina. Na riƙe tayar ceto da hannu biyu, na ciji bututun, na tura fuskata.

Abin da gilashin jirgi bai ba ni ba shi ne sauti. Ashe ƙarƙashin ruwa ba shiru ba ne. Wani ƙas-ƙas-ƙas ke tashi ta ko'ina kamar an zuba danshi cikin tafasasshen mai, wanda yaron ya ce ƙananan jatan lande ne ke ƙyasta ƙafarsu a cikin ramuka. Launi ma ya dawo, tunda ba zurfi: bakin rassan ruwan hoda ne, kuma da na matsa na ga fuskar curin duk 'yan ramuka ne masu siffar tauraro, kowane da ɗan abu mai laushi a ciki. Wani baƙin kifi da bai fi babban yatsana ba ya fito daga ƙarƙashi ya tsaya saitin idona. Ya taso mini da gudu, ya ja baya, ya sake tasowa har ya taɓa tabarau. Irinsu gonar gansakuka suke da ita a jikin dutse, suna gadinta daga duk wanda ya matso, komai girmansa. Na ja baya taku ɗaya na ba shi wurinsa, ya koma ya ci gaba da harkarsa. Na daɗe a nan har bayan wuyana ya ƙone da rana, kwana uku ina jin zafinsa.

Ihun yaran Nairobi ne ya ɗago ni, takalmansu sun fara yawo. Teku ya juyo. Ba da raƙuman ruwa ya zo ba, silalowa ya riƙa yi ta kowane gefe, filin yana tsukewa. A gaɓar nan bambancin cika da janyewa kan kai mita 3 zuwa 4 in wata ya cika ko ya ɓata. Muka kwashe kaya muka hau. Kafin Mzee ya gama juya jirgi, inda muka ajiye jakunkuna ya zama ruwa.

Abincin rana a tsibirin Sudi muka ci, cikin mashigin Mida, bayan mun ratsa dajin mikoko, bishiyoyin da ke tsaye cikin ruwan gishiri a kan saiwoyi kamar ƙafafu. Shinkafar kwakwa ce da kifi da jatan lande da pweza, wata halitta mai hannuwa takwas wadda na ɗanɗana na bar wa ƙanena. Muka haɗa azahar da la'asar a inuwa tare da Mzee. A hanyar komawa ba wanda ya ƙara kallon gilashi, ruwa ya yi zurfi, kowa ya yi laushi. Da muka sauka na ƙara wa yaron jirgi wani abu a kan abin da aka yi ciniki, na san bai kai ladan hannun da ya sa a ƙeyata ba. Daren nan ina rufe ido sai in ji gado yana lilo.

Washegari kafin mu kama hanyar Mombasa muka tsaya a kufan Gede, tsohon garin Suwahilawa da ke cikin daji kusa da mararraba, wanda mutanensa suka watse a ƙarni na 17, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2024. Akwai ragowar fada da rijiyoyi masu zurfi, da wani kabari mai ɗauke da shekarar 802 ta Hijira, wato 1399. A ɗan gidan tarihin wurin an ajiye fasassun tangaran na ƙasar Sin da aka tono. Birai suna ta tsalle a kan katangu, saiwoyin kuka sun ratsa ɗakunan da mutane suka taɓa kwana. Mai yi mana jagora ya ce duk garin da dutsen murjani aka gina shi, har farar ƙasar da aka liƙe duwatsun da ita murjanin aka ƙona.

A babban masallacin rufi ya daɗe da faɗuwa, amma mihirabi yana nan tsaye, yana kallon arewa. Na matsa jikin katangar gefensa na sunkuya. Dutse ne fari-fari mai kaushi, irin wanda ya ƙuje mini hannu a ƙofar masauki. Na hure ƙurar da ke kai, sai ga 'yan ramukan nan masu siffar tauraro, a jere, kowane fanko. Ina ta bin su da yatsa har ƙanena ya leƙo ta wata karyayyar ƙofa ya ce, "Yaya, mai keke fa yana jira."